Likita ya ce Mama tana da "atiraitis", shin irin ciwon da ya karkatar da yatsun 'yar Gwaggo ne?

Saƙon da ya shigo: "Salam Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni ce babba a ɗakinmu, a Rigasa muke. Mamanmu shekararta 58, sana'arta tuyar waina, kusan shekara biyu kenan tana fama da ciwon gwiwa, in ta zauna sai ta dafa bango take iya miƙewa. Mun kaita asibiti likita ya duba yace atiraitis ne, ya rubuta a kati, ga layi a bayanmu bamu samu damar tambaya ba. Da muka dawo Gwaggonmu tace ai shi ne abinda aka rubuta wa 'yarta, ita kuwa yatsunta duk sun karkace ko maɓallin riga bata iya sawa. Tun ranar Mama ta shiga damuwa. Wani maƙwabcinmu ya kawo mata haɗin ƙwayoyi daga kemis a ƙulle a leda, wata huɗu tana sha, ciwon ya lafa har fuskarta ta ciko. Wasu kuma sunce sanyi ne ta daina taɓa ruwa. Anti me wannan kalmar take nufi? Mama zata nakasa ne? Ta cigaba da shan haɗin?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Mama lafiya yasa kaffara ne, ke kuma Allah ya saka miki da kika tsaya mata.

Bari in fara kwantar miki da hankali akan kalmar, domin ita ce ta hana Mama barci. Atiraitis ba sunan ciwo ɗaya bane. Kalma ce da likitoci suka ɗauko daga harshen Girka, rabinta na farko yana nufin gaɓa, rabin ƙarshen kuma kumburi, kenan fassararta kawai kumburin gaɓa, abinda mu muke ce wa amosanin gaɓɓai ko sanyin ƙashi. A ƙarƙashin wannan sunan akwai cututtuka sama da 100, kowanne da sanadinsa da maganinsa da yadda yake ƙarewa. Kamar dai ace miki yaro yana zazzaɓi ne, toh zazzaɓin me, na cizon sauro ko taifot ko ƙyanda? Kinga ai ba'a gama magana ba. Dan haka Gwaggo bata yi ƙarya ba da tace kalma ɗaya aka rubuta musu, amma kalma ɗaya a kati biyu ba ita ke nuna ciwo ɗaya suke ba, kuma daga yadda kika kwatanta min su biyun, alamominsu ma ba hanya ɗaya suka bi ba.

Wanda yafi yawa a duniya shi ake kira ostiyo-atiraitis, ki kira shi amosanin zaizayewar gaɓa. Kin san farin guringuntsin nan mai santsi dake kan ƙashin cinyar kaza, wanda yara ke son gurgura? Irinsa ne a ƙarshen ƙasusuwanmu inda suka haɗu, shi ke sa gwiwa ta lanƙwasa ta miƙe ba tare da ƙashi ya goga ɗan uwansa ba. In shekaru suka ja, ko jiki yayi nauyi, ko an taɓa buguwa a wurin, ko aikin mutum na yawan tsuguno da durƙuso ne, sai guringuntsin ya fara sirancewa yana kaushi, ƙashin dake ƙarƙashinsa ya fara tsiro a gefe gefe, sai kiji gwiwa tana ƙurus ƙurus in an motsa ta, da safe ta ɗan riƙe na 'yan mintuna, yawanci bai kai rabin awa ba ta saki, da yamma kuma bayan an sha aiki ciwon ya taso. Hawa bene da saukowa, tashi daga tabarma, masai na tsuguno, nan ne yake nuna kansa. Hukumar lafiya ta duniya tace a 2019 mutane kusan miliyan 528 ke ɗauke da shi, kashi 73 cikin ɗari sun haura shekara 55, kashi 60 mata ne, kuma gwiwa ce gaɓar da yafi kamawa. Ki dubi Mama: mace, shekara 58, tun asuba tana kan kujera 'yar tsuguno a gaban tanda gwiwoyi a naɗe, ta sunkuya ta ɗebo ƙullu, ta juya waina, ta miƙe ta ƙara itace ta koma, haka har hantsi, shekara da shekaru. Duk wanda yaji wannan labarin nan hankalinsa zai fara zuwa, amma likitan da ya taɓa gwiwar da hannunsa shi ne zai tabbatar. Wannan irin a hankali yake tafiya, baya bin jini ya cinye jiki, kuma mutane da yawa suna tsufa dashi suna harkokinsu in sun kula da kansu.

Na 'yar Gwaggo kuwa, yarinya da ƙuruciyarta yatsu su karkace, wannan yafi kama da wanda ake kira rumatoyid. Shi ba tsufa ke kawo shi ba ba kuma aiki ba, garkuwar jikin mutum ce take rikicewa ta koma tana yaƙar rufin dake cikin gaɓoɓinsa. Yafi farawa da ƙananan gaɓoɓi, yatsun hannu da wuyan hannu da yatsun ƙafa, kuma dama da hagu lokaci guda, su kumbura suyi ɗumi, da safe hannun ya sandare awa guda ko fiye ko kofin shayi bata iya riƙewa, ga kasala ga rama wani lokaci har da ɗan zazzaɓi. Shi bai kai na farkon yawa ba ko kusa, mutum miliyan 18 hukumar ta ƙiyasta a 2019, kusan kashi 70 mata. Shi ne mai karkatar da yatsu in aka barshi, kuma baya tsayawa a gaɓa kaɗai yana iya taɓa huhu da ido da zuciya. Mama bata da dalilin ɗaukar hoton hannun 'yar Gwaggo ta ɗora wa kanta, ki zaunar da ita ki faɗa mata haka da bakinki yau ɗin nan.

Akwai wasu kuma da ya kamata ki sani ko dan gaba. Gawut yafi kama maza, wani sinadari ne da ake ce wa yurik asid yake taruwa a jini ya daskare a gaɓa, mutum ya kwanta lafiya lau cikin dare babban yatsan ƙafa ya tashe shi, yayi ja ya kumbura ko zanin rufa baya so ya taɓa shi, masu yawan cin jan nama da kayan ciki da lemon kwalba da masu shan giya sun fi haɗuwa dashi. Sai wanda ƙwayar cuta ke shiga cikin gaɓa, gaɓa ɗaya tak ta kumbura tayi zafi rau ga zazzaɓi mutum ya kasa taka ƙafar, wannan ba'a kwana dashi a gida, a ranar ake tafiya asibiti domin cikin 'yan kwanaki yake lalata gaɓa. Masu sikila, wato amosanin jini, su ma suna da nasu ciwon ƙugun da ba wannan ba, sunan ne kawai yayi kama.

Yanzu maganar da tafi tada min hankali a saƙonki, wallahi ba kalmar bace, ledar nan ce. Haɗin da ake ƙulla wa mutane na ciwon jiki yawanci abu biyu ne a ciki, masu kashe zafi irin su diklofenak ko ibufurofen ko firoksikam, wani lokaci ma biyu a haɗe wanda bai kamata ba, sai kuma sitiroyid irin su firedinisolon ko deksametazon. Sitiroyid shi ne mai sa mutum ya tashi garau kamar an cire masa ƙaya, ya buɗe masa ciki yaci abinci, maƙwabta suce kai maganin nan ya karɓe ta har tayi kumatu. Wannan cikowar fuskar da kika ambata ba ƙibar lafiya bace, alama ce da aka san sitiroyid da ita in an daɗe ana sha, fuska ta zama zagaye, wuya da ciki su ciko ƙafafu kuma su sirance. A ɓoye kuma yana hawar da jini, yana tada suga, yana raunana garkuwar jiki, yana sa ƙashi ya zama holoƙo ta yadda ɗan zamewa a bayi zai iya karya ƙugu, kuma mace da al'adarta ta ɗauke dama ƙashinta ya fara rauni. Su kuma masu kashe zafin in aka ɗauki watanni ana zuba su ba awo, sukan ci bangon ciki su kawo olsa har da zubar jini, sukan taɓa ƙoda, kuma kin san abinda wankin ƙoda yake yi wa aljihun gida a ƙasar nan. Maƙwabcinku da zuciya ɗaya ya kawo, kar ku ga laifinsa, amma shi kansa in kika tambaye shi sunan ƙwaya ɗaya a ciki ba lallai ya iya faɗa ba.

Sai dai ki saurare ni da kyau anan, kar kije yau ki fizge ledar ki watsa a kwata kice Anti tace. In har akwai sitiroyid a ciki kuma wata huɗu tana sha kullum, jikinta ya rage ƙera nasa na asali ya dogara da na ƙwaya, in aka yanke rana ɗaya jininta zai iya faɗuwa ta galabaita da amai da jiri, abin har yakan kai ga rai. A hankali ake janye shi kuma likita ke tsara yadda za'a rage. Abinda zaki yi shi ne ki ɗauki ledar yadda take da ƙwayoyin a ciki, in da hali ki bi ta kemis ɗin ki lallaɓa mai shagon ya rubuta miki sunayensu a takarda ko ya baki kwalayen, ku kai wa likita cikin satin nan ba sai wata ya ƙare ba. Ki faɗa masa gaskiya tsawon lokacin da ta ɗauka tana sha, kar kunya ko tsoron faɗa yasa ku rage, ku roƙa a auna mata jini da suga a kuma yi gwajin ƙoda. Kafin nan in kika ga bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin, ko tana aman jini, ko ƙafafu sun kumbura fitsari ya ragu, kar ku jira ranar asibiti ku tafi a lokacin. Haka magungunan gargajiya na jarka da na gari da ake yawo dasu a mota da lasifika ana cewa suna maganin sanyin ƙashi da basir da taifot duk a kwalba ɗaya, ki nisanta Mama dasu, abinda ba'a san me ke cikinsa ba ba'a haɗa shi da ƙodar mai shekara 58.

In kun koma, ko nan asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada tunda yana kusa daku, ko Barau Dikko, ko asibitin sojoji na 44, ko dai inda kuka fara zuwa tunda katinta na can, ki rubuta tambayoyinki a takarda tun daga gida domin in aka shiga ɗakin likita kai yakan ɗauki zafi a manta komai. Ta farko kuma mafi girma: likita, wane iri ne daga cikin amosanin gaɓɓan? Sannan ki tambaya ko akwai buƙatar hoton gwiwa, ko akwai buƙatar gwajin jini, wane magani zata sha na tsawon wane lokaci, kuma a tura ku sashen gashi, wato fisiyo. Na san layi na san likitocinmu sun yi kaɗan mutum ɗaya yana ganin jama'a kamar me, amma minti biyu na bayani haƙƙinku ne, ki tambaya cikin ladabi ki tsaya har ki gane. Ke ma ki taimake shi da bayani mai kyau, kar kice kawai "ƙafa ke damunta", ki faɗi wace gwiwa, tun yaushe, da safe minti nawa take ɗauka kafin ta saki, tana kumbura ko bata yi, akwai wata gaɓar dake ciwo ko babu, da wannan yake rarrabewa tun kafin a je ga hoto.

In ya tabbata na zaizayewa ne, gaskiyar magana guringuntsin da ya tafi babu ƙwayar da zata dawo dashi, duk wanda yace miki yana da maganin da zai warkar dashi tas cikin sati biyu kuɗinku yake so. Amma ciwon yana raguwa sosai kuma ana rage masa gudu, kuma mafi yawan aikin a gida yake ba a kemis ba. Kuskuren da iyayenmu ke yi shi ne da gwiwa ta fara sai a kwanta ace ana hutar da ita, naman cinya ya saki, gwiwar ta rasa mai tallafa mata ciwon ya ƙaru. Motsi take so, daidai gwargwado. Mama ta zauna a kujera mai tsayi bayanta a jingine, ta miƙe ƙafa ɗaya sambal yatsu suna kallon sama, ta ƙirga biyar zuwa goma a hankali ta sauke, sau goma kowace ƙafa, safe da yamma, kwanakin farko zata ji cinyar tana rawa wannan ba komai bane, masu fisiyo zasu ƙara mata wasu. Ta riƙa ɗan tattaki a shimfiɗaɗɗen wuri da takalmi mai laushi maras tudu. In tana da jiki ta rage ko yaya ne, bincike ya nuna duk kilo ɗaya da aka sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku, kinga ko kilo biyar ta rage ba ƙaramin sauƙi bane. Tawul da ruwan ɗumi a gasa wurin yana taimakawa, man shafawa na diklofenak da ake murzawa a gwiwa yafi ƙwayarsa sauƙi ga ciki, amma shi ma ku bari likita ya duba ƙodarta tukuna. In ana buƙatar sanda, a hannun dake ɗaya ɓangaren ake riƙe ta, gwiwar dama ke ciwo sanda a hagu, kuma dan Allah ku yaranta kar ku yi mata dariyar tsufa har ta ajiye.

Sana'arta kuma bana goyon bayan a ce ta bari, mace da ta saba neman na kanta in aka zaunar da ita wani ciwon ake ƙara mata. Zaman ne za'a gyara. A ɗaga murhun a ɗora shi kan bulo ko a sa mai walda yayi mata mai ƙafafu, a samo kujera da in ta zauna gwiwarta bata wuce ƙugunta tsayi ba, robar ƙullu a ɗora ta kan benci kusa da hannunta, duk bayan ɗan lokaci ta miƙe ta taka, ɗaukar bokitin ƙullu daga wurin niƙa da jan ruwa kuma ku ƙannenki su karɓa, ai dan wannan ranar aka haife ku. Bayi ma a duba, in na tsuguno ne akwai kujerar da ake ɗorawa a kai, ko kafinta ya haɗa mata, a kafa mata ƙarfen dafawa a bango.

Nasan abinda zai fi ci mata rai sallah ce, iyayenmu gani suke in sun zauna a kujera kamar sun rage wani abu. Ki tuna mata hadisin Imrana ɗan Husaini dake cikin Bukhari, da ya kai kukan rashin lafiyarsa Annabi (SAW) yace masa yayi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Abinda zata iya ta yi shi yadda yake, wanda gwiwa ta hana ta zauna, in tana da shakka akan yadda ake yi ta tambayi malamarsu ta islamiyya.

Masu cewa sanyi ne kuma, toh mu dai komai sanyi ne a wurinmu, ciwon gwiwa sanyi, ciwon mara sanyi, har ta kai ana ba tsohuwa mai ciwon gwiwa maganin kashe ƙwayoyin cuta na sanyin mata. Gaskiya ne masu wannan ciwon da yawa sukan ce sun fi jin jiki in hunturu ya kama ko damina ta zauna, dan haka tasa safa ta yi alwala da ruwan ɗumi in ta fi jin daɗinsa, amma ba ruwan randa bane ya cinye guringuntsin kuma daina taɓa shi bazai gyara ba. Tsaga da sakiya a kan gwiwa kuwa kar a soma, ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayar cuta ta shiga gaɓar, balle mai shan sitiroyid da ciwo baya saurin warke mata. In tafiya tayi nisa abubuwan nan duk basu wadatar ba, akwai allurar da likita ke yi a cikin gaɓar tana ba da sauƙi na wasu makonni, akwai kuma aikin sauya gwiwa da ake yi a manyan asibitoci irin na ƙashi na Dala a Kano, amma yawancin masu ciwon basa kaiwa can, kar ki ɗora wa kanki wannan lissafin yanzu.

Sai 'yar Gwaggo, ita ma ki kai mata wannan saƙon dan jikina ya bani an barta da masu kashe zafi ne kawai. In rumatoyid ne akwai magungunan dake danne cutar kanta su hana ta cigaba da cin gaɓoɓi, wanda aka fi farawa dashi sunansa metotireksat, sau ɗaya a SATI ake shansa ba kullum ba, kuskuren shansa kullum yana iya kisa, ana haɗa shi da folik asid ana kuma bin ta da gwajin jini da na hanta lokaci lokaci. Mai ciki ko mai neman ciki bata shansa domin yana illata jariri, dan haka in tana da aure ta faɗa wa likita tun kafin ya rubuta. Ba maganin da za'a saya a kemis da ka bane, likitan da ya ƙware a amosanin gaɓɓai ke ba da shi, a asibitocin koyarwa irin na Shika a Zariya ake neman irinsu, su nemi takardar turawa daga asibitin da take zuwa. Yatsun da suka riga suka karkace ba lallai su miƙe ba, amma akwai sauran gaɓoɓin da za'a ceta, kuma duk watan da aka ƙara ana jira wata gaɓar ke tafiya. Ki rubuto min abinda likita yace bayan kun kai masa ledar, musamman sakamakon suga da na ƙoda.